Ƙusar da Ke Bangon Ofishin Manaja

Shekara goma sha ɗaya ke nan a wannan daminar da aka kawo mana gawar yayana Rasaki a bayan a-kori-kura, an rufe shi da tamfol ɗin tirelarsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Wannan addu'a ta ƙarshe nakan yi ta da zafin da sauran masu addu'a ba sa ji, domin hutu shi ne abin da aka hana shi yana da rai. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan dafa abinci in yi sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana ba zan yi shiru ba, domin ɗansa Kamilu ya shiga aikin da ya cinye ubansa, a garejin da ya cinye ubansa, kuma a watan jiya na yi masa abin da har yau bai yafe mini ba.

Mu 'yan Fagge ne. Kakanninmu daga Ogbomosho suka zo fatauci suka zauna, a nan aka haifi iyayenmu, a nan aka haife mu. Ni robobi nake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, shi kuwa Yaya tun yana saurayi ya zaɓi sitiyari. Sunansa na yanka Abdurrazaƙ, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi haka ba sai liman ranar ɗaurin aurensa. Yakan yi dariya ya ce in ya isa Legas sai a ce masa Malam, in ya dawo Kano a ce masa Bayarabe, kwalta ce kaɗai ba ta tambayarsa ɗan ina ne. Ba ya shan ƙwaya kamar yadda wasu ke yi don su kori barci. Goro ne da shayi mai kauri, sai wani tsohon tawul da yake jiƙawa ya rataya a wuya. Bai taɓa shigowa gida hannu rabbana ba, ko burodi ne ko abarba sai ya riƙo wa yara.

Kuma barci yake yi a ko'ina. A wurin suna, a kan benci a ƙofar gida, har a zaman tahiya sai na kusa da shi ya taɓa shi. Unguwa duka an san shi da haka, ana tsokanarsa ana cewa Rasaki kasa. Mutumin da ke kwana a hanya ya wuni a hanya ne ake wa wannan tsiyar, kuma shi ma yakan taya mu dariya.

Bari in gaya wa mai karatu yadda ake aiki a garejin nan, don in ba ka san ƙusar ba, ba za ka gane fushina ba. A bangon ofishin manaja, daga waje, akwai wata doguwar ƙusa. A ƙarƙashinta akwai benci, a kan bencin akwai direbobi masu lasisi waɗanda ba su da mota, suna zaune tun safe suna jira. In ka dawo daga Legas aka sauke kaya, sai a ce maka ga wani lodi, juya. Ba wanda zai ɗaga maka murya. In ka ce ka gaji, manaja zai ce maka cikin ladabi, ba komai, rataye makullin ka je ka huta. Kana ratayewa na kan benci zai miƙe ya ɗauka, kuma motar ta zama tasa ke nan. Kai kuma in ka gama barcinka, ga benci nan, akwai wuri a ƙarshensa.

Ka ga dabarar? Ba a rubuta ta a ko'ina ba, ba a taɓa korar kowa ba, ba a taɓa cewa kowa dole ba. Ƙusa ce kawai a bango. Wanda ya fara kafa ta, ko wane ne, ya san abin da yake yi sarai.

Ranar da abin ya faru, da safe Yaya ya shigo Kano, ya sauke atamfofi a wajen Bata. Kafin a gama saukewa an ce masa akwai riɗi da za a kai tashar jiragen ruwa ta Legas, wai jirgi ba ya jiran kowa. Ya zo gida da hantsi don ya yi wanka. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Iya, ta zuba masa amala, ya zauna a tsakar gida ya yanko loma, barci ya ɗauke shi da lomar a hannu. Ina nan a wurin, ni na ɗauke kwanon kada ya kife. Da ya farka Iya ta ce, “Rasaki, shiga ɗaki ka kwanta mana.” Ya nuna mata makullin ya ce, “Iya, in na kwanta motar ta zama ta wani.” Ya jiƙa tawul ɗinsa a bakin randa, ya shafa kan Kamilu, wanda lokacin yake sakandare, ya fita.

Bai kai Zariya ba. Da rana tsaka, a miƙaƙƙiyar hanya, ba ruwa ba rami. Waɗanda suka gani sun ce motar ta riƙa sauka daga kwalta a hankali kamar mai neman wurin tsayawa, har ta daki ƙafar gada. Ba alamar birki a ƙasa ko kaɗan. Abu ɗaya da nake gode wa Allah a kai shi ne bai tafi da ran kowa ba, don na san da wannan ne zai fi damunsa.

Ranar uku manaja ya zo ta'aziyya da buhun shinkafa da katan ɗin sukari. Ya zauna a zaure cikin maza, mu mata muna ciki, labule ne kawai tsakaninmu. Na ji shi da kunnena yana cewa, “Mu fa ba ma tilasta wa kowa. Da ya ce ya gaji, ai ƙusa tana nan.” Maza suka ce haka ne, kwana ne ya ƙare. Ni musulma ce, na yarda kwana ya ƙare, ba wanda zai koya mini wannan. Amma ban yarda a ɗauki ƙaddara a yi tamfol da ita a rufe aikin mutum ba. Shinkafar nan ban sa ta a bakina ba, kuma da Iya ba ta riƙe mini zani ba, da ranar an ji kunya a zauren nan.

Wani lokaci nakan zauna a rumfa in ce, da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Zai ga motoci sababbi masu sanyi a ciki, zai ga waya tana nuna wa direba hanya. Zai ji a rediyo ana cewa akwai doka, direban babbar mota ba zai wuce sa'o'i kaza yana tuƙi ba sai ya tsaya ya huta. Na san shi, zai ce alhamdu lillahi, ashe an gyara. Sai in ce masa, Yaya, tsaya tukuna. Yanzu akwai wata na'ura da ake liƙa wa mota, tana nuna wa ofis inda take. In direba ya tsaya a gefen hanya ya ɗan rufe ido, kafin ya gyara kwanciya waya ta yi ƙara, me ya tsayar da kai? Na'urar da ta san ya tsaya, ai ta san tun yaushe rabonsa da tsayawa. Amma ban taɓa jin direban da aka kira daga ofis aka ce masa malam, ya isa haka, nemi inuwa ka kwanta ba. A kan hanya kuwa ana duba takardu, ana duba taya, ana duba tukunyar kashe gobara, ba mai cewa ɗago in ga idonka.

Kuma kada 'yan kasuwa su ɗauka na manta da su. Mu ne masu buga waya mu ce kayana su kwana a Kano ko a fasa. Wanda ke wannan ihun ya kwana a kan katifarsa da fanka, bai taɓa tambayar wane ne zai kwana da ido biyu don kayan su iso ba.

Kamilu ya gama makaranta ya yi ta yawon neman aiki bai samu ba. Sai kamfanin da ke da garejin nan, wanda yanzu ɗan mai shi ke riƙe da shi, ya aiko wai a turo yaron saboda darajar ubansa. Mutane suka ce kai, mutanen nan sun san halacci. Na yi tsaki har aka ce ba ni da godiya. Ya yi zaman benci, ya samu mota, ya yi aure ya kama ɗaki a Rijiyar Lemo, aka haifa masa ɗa ya sa masa sunan ubansa, muna kiransa Abba. Ina ganinsa yana ramewa, ina ganin idonsa yana ja, in na yi magana ya ce, “Gwaggo, yanzu ba kamar da ba ne.”

A watan jiya ya shigo rumfata da rana, dawowarsa ke nan daga Legas, ya kawo mini saƙo. Ya ce sauri yake, an gama masa lodi, yanzu zai juya. Na ce ko fura ka sha. Ya zauna a kan benci yana ba ni labarin Abba ya fara rarrafe, bai kai ƙarshen maganar ba kansa ya langaɓe. Makullin yana saƙale a ɗan yatsansa, waya tana ta ruri a aljihunsa, shi ko motsi. Na tsaya ina kallonsa, wallahi ba Kamilu nake gani ba, Yaya nake gani da loma a hannu.

Na zare makullin a hankali. Na ce wa maƙwabciyata ta duba mini rumfa kuma kada wanda ya tashe shi. Na tari adaidaita na bi Titin Ibrahim Taiwo har garejin. An yi masa fenti, an sa gilashi a ofis, an sauya suna a ƙofa. Ƙusar tana nan inda take, bencin ma yana nan a cike.

Sabon manajan yaro ne mai fara'a, ya fito ya ce, “Hajiya, lafiya?”

Na ce, “Ni gwaggon Kamilu ce. Na zo rataye makulli, yana barci.”

Ya gyara tsayuwa ya ce, “To ai Hajiya mu ba ma tilasta wa kowa.”

Na ce, “Na sani, ɗana. Na taɓa jin wannan maganar a zauren gidanmu, har da shinkafarta. Wannan karon na riga ku ne, tun kafin ku auno shinkafar.”

Na rataye makullin da hannuna. Wani mutum mai furfura a gemu ya miƙe daga benci ya ɗauka, yana kawar da kai kada mu haɗa ido. Na ce masa, “Malam, kai dai ka yi barci jiya?” Ya ce, “Hajiya, watanni ke nan ba abin da nake yi a bencin nan sai barci.” Ban ji haushinsa ba ko kaɗan. Yaya ma daga kan ƙusar nan ya ɗauki tasa motar, kuma wanda ya rataye ta a lokacin wani ne da ya gaji.

Da na dawo Kamilu bai ko juya ba. Sai bayan la'asar ya farka a firgice yana lalube. Na gaya masa abin da na yi ba tare da kwana-kwana ba. Ya dube ni ya ce, “Gwaggo, kin san abin da kika yi kuwa? Da me zan ciyar da Abba?” Na ce masa ya zo mu riƙa sayar da robobi kafin Allah ya kawo wani abu. Ya ɗauki hularsa ya fita ko sallama babu. Yanzu adaidaitar wani yake ja, abin da yake samu bai kai na da ba, matarsa ma ta rage zuwa gidana.

Ban gyara komai ba, na sani. Motar ta tafi Legas a ranar, kuma ranar da mai furfurar nan zai gaji, ƙusa tana jiransa. Abin da nake nema a wurin masu motoci ba shi da yawa, ba sai an kira taro a otal ba. A cire ƙusar. Mutum ya kwanta ya tashi ya tarar da motarsa tana nan tana jiransa. In kaya ba za su iya jira ba, a sa direba biyu a biya su. Wanda ya ce wannan zai karya shi, to ya fito ya faɗa da bakinsa cewa ribarsa a cikin barcin mutane take, mu daina jin zancen ba a tilasta wa kowa.

Abin da ya rage mana na Yaya Rasaki kaɗan ne. Tawul ɗin yana cikin akwatin Iya, wadda ita ma ta bi shi. Sunansa yana kan Abba, fuskarsa tana kan Kamilu, fushin kuma ni aka bar wa, ina riƙe da shi da kyau. Ranar Juma'ar da ta wuce na yi abincin sadakarsa. Kamilu ya zo da Abba a kafaɗa, ya gaishe ni sama-sama, ya zauna can nesa ya ci kwano biyu bai dube ni ba. 'Yan'uwa suka ce in ba shi haƙuri. Ba zan bayar ba. Ya yi ta fushi har ya tsufa, ya yi furfura yana fushi da ni, ina so. Na taɓa ganin ɗan gidanmu da bai yi fushi da kowa ba, ya jiƙa tawul ɗinsa ya ɗauki makullinsa ya fita yana murmushi, kuma ina tsaye a ƙofar gida lokacin da aka dawo da shi.