Lugendo Mai Gaida Jirgi

Duk wanda ya taɓa miƙo hannu ta tagar jirgin ƙasa a Itumbili ya sayi zuma, albarkacin wani tsoho ya ci, Lugendo, ko da bai san shi ba.

Madugu ne a ƙuruciyarsa. Shi ne a gaba da jan mayafi da ƙahon gwanki, 'yan dako na biye da hauren giwa a kafaɗa, daga nan ƙasar Nyamwezi har bakin teku. Da gwiwa ta fara ƙara, sai ya zauna gida ya zama mai tarbar baƙi. Kasuwar Itumbili kuwa ayari ne ranta, kuma ayari ba a yi masa gaggawa. A buga ganga, a kai wa madugu akuya, a tambayi lafiyar hanya da ta mutanen gida, baƙi su wanke ƙafa su kwana. Sai gari ya waye ake buɗe kwando. Wanda ya tallata wa baƙo kaya kafin gaisuwa, har jikokinsa sai sun sha gori.

Sai Jamusawa suka shimfiɗa layin dogo, ayari ya ɗauke ƙafa. Ciyawa ta cinye rumfuna, samari suka riƙa naɗe tabarma suna nufar birnin Tabora. Shija ma, autan Lugendo, ya ce da an girbe dawa zai bi su. Wannan maganar ce ta tsaya wa tsohon a wuya.

To ashe jirgi ma yana jin ƙishi. An kafa masa tankin ruwa a bayan gari, nan yake ɗan tsayawa. Lugendo ya tara jama'a ya ce, “Wannan ma ayari ne, ƙafarsa ce dai ta ƙarfe. Mu tarbe shi yadda aka koya mana.”

Ranar da jirgi zai zo aka fito da ganguna. Mata suka zauna can nesa da kwanduna a rufe, kamar yadda ya dace. Lugendo ya yafa jan mayafinsa, ya ja akuya har gaban direba, wani mutumin bakin teku da gawayi ya shafe masa fuska.

“Sannu da hanya, madugu! Yaya teku? Yaya mahaifiyarka?”

“Lafiya, baba. Janye akuyar nan daga dogo.”

“Ai taka ce. Yaya kawunnanka?”

Fasinjoji na ta miƙo hannu ta taga suna kiran mata, mata na sunkuyar da kai don kunya. Lugendo bai kai ga gwaggonnin direba ba jirgi ya yi kuwwa ya ja jiki. Duk garin, akuya ce kaɗai ta samu shiga.

A hanyar gida matarsa Kalunde ta dire kwandon gyaɗa ta kama ƙugu.

“Baban Shija, sannu da aiki. Hayaƙin ne kawai ba ka tambayi lafiyar iyalinsa ba.”

“Ke uwar Shija, so kike a ce mutanen Itumbili ba su da tarbiyya?”

“So nake ɗana ya zauna. Da kake madugu, a ina ake jin ƙahonka? A tsakiyar kasuwa?”

Nan tsohon ya tuna yadda yake yi a da. Tun daga kan tudu yake busawa, gari ya ji ya shirya.

Da jirgi zai dawo, sai ga Lugendo can gaba da tanki, a kan wani ƙaton suri inda jirgin ke rage gudu. Ya busa ƙaho, ya shiga gaida tarago bayan tarago da iyakar muryarsa, uwaye da kawunnai duka, babu wanda ya tsallake. Kafin jirgi ya tsaya an gama gaisuwa, kwanduna na buɗe a ƙarƙashin tagogi. Wani dattijo ya ce, “To kwanan baƙi fa?” Lugendo ya ce, “Sun kwana a hanya, ni shaida ne.”

Zuma da gyaɗa da gasasshen dankali suka ƙare tas. Kafin damina ta zagayo rumfuna sun taso sun kewaye tanki, ta farko kuwa Shija ne ya kafa ta, da itacen da ya sara da hannunsa.

Lugendo ya ci gaba da hawa surin har sai da jikoki suka koma tura shi ta baya. Direban nan kuma ya koyi ladabi: da ya hango jan mayafi sai ya ja kuwwa mai tsawo. Tsohon yakan juyo ya ce wa Kalunde, “Kin ji ko? Mahaifiyarsa na lafiya.”