Ƙodar Yaya Sale da Muka Binne a Babban Mutum

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Sale, dillalin shanu da duk mai shiga kara a Daura ya sani. Allah ya jiƙansa. Har yau in na tuna yadda ciwon nan ya ci shi, raina ɓaci yake yi, kuma ban san wanda zan yi wa fushin ba.

Farkon shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a ne ya fara fitsarin jini. Aka yi ta jiƙe-jiƙe, abu ya ƙi, muka kai shi wani asibiti a Katsina. Hoto ya nuna ƙari a ƙodarsa ta hagu, aka yi aiki aka cire ta. Likitan ya miƙo mana ita a roba, cikin ruwan magani, ya ce a kai Kano a gwada, a san irin ƙarin.

Yaya na farfaɗowa ya tambayi inda take. Da aka gaya masa, ya ce sam. Lokacin kowa na ƙoƙarin gyara addininsa, shi kuwa dama in ya kafe ya kafe. Ya ce naman ɗan Adam ba na yawo a mota ba ne, ba kuma na yankawa a duba ba, haƙƙinsa ƙasa. Kawunmu ya naɗe ta a farin ƙyalle, aka binne ta a maƙabartar garinmu, Babban Mutum, kusa da mahaifinmu. Yaya ya warke sumul, ya koma kara, har ya yi ƙiba. Kowa ya ce an yi daidai.

Bayan shekaru masu yawa sai ya fara ramewa, idonsa ya yi ɗorawa. Muka ce shawara ce. A Kano hoto ya nuna wani ƙarin a pankiriyas, 'yar tsokar nan da ke bayan tumbi, mai daidaita sukari a jiki. Likitar ta ga tabon aiki a kwiɓinsa, ta tambayi sakamakon gwajin ƙodar.

"Likita, ni na ce a binne ta," in ji Yaya.

Ta yi mana bayani a hankali. Dajin ƙoda yakan yi lamo shekara da shekaru, sannan ya ɓulla a pankiriyas. In an san da shi, ana bibiya da hoto, a kama shi yana ƙarami a yanke, mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Nasa ba wanda ya bibiya, don ba wanda ya san daji ne. Da aka tsakuro ƙarin da allura aka gwada, ya tabbata na ƙodar ne, amma ya riga ya kama hanta. Aiki ba zai yiwu ba. Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi, suka riƙe shi damina ɗaya.

Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da wannan. Amma wallahi abin yana ci mini rai, don niyyarsa kyakkyawa ce. Daga baya na tambayi malamai fiye da ɗaya, duk suka ce ba laifi a gwada, abin da ya rage a binne. Tambaya ɗaya ce ba a yi ba.

Nakan ce da Yaya zai leƙo yau, ya ga matasa suna karɓar sakamakon gwaji ta waya a zaune a Daura, me zai ce? Na san shi, zai fara da tsaki, ya ce zamani ya lalace. Amma a jinyarsa ta ƙarshe na ji shi yana gaya wa wani abokinsa na Kongolam, wanda za a yi wa aiki, cewa duk abin da likita ya ba shi ya kai inda aka ce. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ba halinsa ba ne. Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan.

Bara aka cire wa matarsa, Yaya Ladi, ƙari a nono, aka miƙo mana shi a roba, aka ce a kai Kano gwaji. Wasu dattawan gida suka fara maganar ƙyalle da maƙabarta. Babbar 'yarsu, Hajara, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban manya ba, ta ɗauki robar ta rungume.

"Baffa, na rasa uba a kan wannan, ba zan rasa uwa ba," ta ce da ni.

A cinyarta ta riƙe ta cikin motar haya har Kano. Daji ne, amma bai yi nisa ba. Ladi tana nan da ranta, ranar Juma'a ma ita ta yi wa jikanta wankan suna.