Bindigar Baba da Ba Ta da Kunama

Shekaranjiya na dawo daga aiki na tarar da matata tana ɗiga wa kekenta na ɗinki mai. Warin man nan ya tare ni tun daga bakin ƙofa, ban san lokacin da na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa ba. Wari ne da ba ya ce wa kowa komai. Ni kuwa in na shaƙe shi sai in gan ni a saman wani tsohon gida a unguwar Shumaisi ta birnin Riyad, ranar Juma'a da hantsi, Baba ya shimfiɗa buhu ya jera ƙarafuna a kai, ƙanena na zaune dab da gwiwarsa, ni ina can jingine da tankin ruwa zuciyata na tafasa.

Bari in faɗa maka gaskiya tun da wuri, kada ka zaci labarin yaron kirki zan ba ka. Na yi kishin ƙanena, mugun kishi, kuma har yau da furfura ta fara leƙo mini a gemu bai gama sakina ba.

A ƙauye aka haife ni, a hannun kakata na tashi. Baba ya tafi Riyad tuƙin mota tun ina goye, Inna ta bi shi bayan an yaye ni, can suka haifi ƙanena. Sai da na shekara goma sha ɗaya kafilin Baba, wato Balaraben da yake yi wa aiki, ya taimaka aka yi mini takarda na zo. Na sauka da Hausa cike da baki, Larabci kuwa sai na salla. Ƙanena shi Larabci yake zubawa ba gargada, Hausarsa ce in ya ɗauko sai Inna ta toshe baki tana dariya. Ko Baba ba ya ce masa Baba, "Yuba" yake cewa irin na 'ya'yan gari, Baba kuma ya amsa fuska a sake.

Ga shi ni bahago ne. Kakata ba ta taɓa damuwa da wannan ba, amma a Riyad da zarar na miƙa hagu cikin tire sai in ji yatsun Baba a bayan hannuna.

"Dama, kai babba. Nan ƙasar mutane ce."

Sau nawa aka yi haka, ban iya ƙirgawa ba. Na dai ajiye a raina cewa akwai abin da Baba ba ya so a jikina, kuma abin nan tare da shi aka haife ni.

Mahaifin Baba maharbi ne, yana da bindiga adaka wadda duk yankinmu an san ƙararta. Ta salwanta a wata gobara tun Baba na saurayi, amma ba ta fita daga ransa ba. A unguwar Dira ta nan Riyad akwai kasuwar tsofaffin kaya, inda ake sayar da butocin gahawa, da takubba, da tsofaffin bindigogin Larabawa waɗanda aka toshe bakinsu da dalma don a rataye a bango. Irin waɗannan kaɗai baƙo mai igama, wato takardar izinin zama, zai kusanta, don mai harbi kam ko a mafarki ba ka so a gan ka da ita. Baba ya duba ya duba bai ga wadda ta yi kama da ta mahaifinsa ba, sai ya ƙudura zai haɗa tasa da kansa. Bututu daga wannan, zoben tagulla daga waccan, ƙusa daga wata. Wani lokaci ya yi wata uku yana neman abin da bai kai ɗan yatsa ba. Inna takan ce mutum da hutun yini ɗaya a mako ya ƙarar da shi wajen tonon bola, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge ƙarfensa.

To, ga inda ciwon yake. Larabcin Baba na kan titi ne, dama da hagu da tsaya nan. Tsofaffin kasuwar nan kuwa ba ka raba su da kayansu sai da hira mai tsawo. Saboda haka kowace Juma'a bayan la'asar sai ka ji ya ce, "Yalla, auta, ɗauko takalminka." Ƙanena ne bakinsa. Sau ɗaya tak na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ni fa?"

"Kai me za ka ce musu? Zauna ka taya Innarka."

Ban sake tambaya ba. Nakan hau sama in leƙa ta kan katanga in ga suna tafiya, hannun Baba a kan wuyan ƙanena, har su sha kwana. Gab da magariba su dawo, rigunansu na ƙamshin turaren wuta na kasuwa, suna dariyar wani abin da ya faru wanda ko an maimaita mini ba zan gane ba. Abin haushin ma, yaron ba shi da mugunta. Yakan rago mini rabin sambusarsa a takarda ya ce, "Yaya, naka." In ce na ƙoshi. Da ma ya yi mini gwalo, da na sami dalilin tsanarsa.

Aikin kansa da safiyar Juma'a ake yi. Lokacin sanyi a sama, inda rana ke dukan baya, lokacin zafi kuma a ɗaki ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki mai ƙugi kamar injin niƙa. Ƙanena ke miƙo tsumma da kwalbar man keken ɗinki. Baba na aiki yana ba da labarin mahaifinsa, yadda yake karanta sawun gwanki a kan yashi, da kirarin da yake yi in ya dawo daga daji. Da Hausa yake bayarwa, Hausar ƙauye mai nauyi, wadda ƙanena ba ya tsintar ko rabi, har yakan yi hamma. Ni daga inda nake ba abin da ke wuce ni, kuma har yau zan iya kawo maka kirarin nan daga farko har ƙarshe. Amma a lokacin ban ɗauke shi bakin komai ba. Ni dai tsumman nan nake so a hannuna.

Wata shekara wani ɗan garinmu ya dawo daga hutu ya kawo wa Baba guntun icce naɗe a buhu, wanda za a sassaƙa ƙotar bindigar da shi. Baba ya kankare gefe da wuƙa ya kai hancin ƙanena, yaron ya ɗaga kafaɗa. Ya miƙo mini. Ina shaƙa na ce, "Maɗaci ne." Ya dube ni ɗan jim, ya gyaɗa kai. Duk sanyin shekarar nan ya yi shi yana sassaƙa, yana rarake wani ɗan gurbi a gefen ƙotar inda kumatun mai harbi ke kwanciya. A nan ne ya gaya mana al'adar gidansu: ba a ɗora bindiga a kafaɗa sai ta gama haɗuwa, kuma wanda aka fara ɗora wa, shi ne mai ita. Bai faɗi ko wa zai ɗora wa ba. Ni ban ga abin tambaya a ciki ba, tunda ga wanda ya sha rana ya nemo kayan.

Abu na ƙarshe da ya rage shi ne kunama, ɗan ƙarfen nan da ake ja da yatsa. Baba ya sayo ta kai biyar, kowacce ta ƙi zama a mazauninta, don tsofaffin bindigogi kowacce da hannun maƙerinta. Sai da aka kusa shekara biyu sannan suka dace a wurin wani tsoho. Ranar ƙanena ya shigo gida da gudu yana ihu da Larabci, kunamar a tafin hannunsa. Baba ya gwada, ta zauna daram. Ya cire ta ya ba ƙanena ya ce ya adana a gwangwanin madara, Juma'a mai zuwa zai kira abokansa biyu 'yan garinmu a ɗaura ta a gabansu, Inna ta yi waina.

Kwana huɗu na yi ina ganin abin a idona: baƙi zaune, Baba ya ɗaga bindiga ya ɗora wa auta, ni kuma ina zuba wa mutane miya. Ranar Laraba da azahar, zafi ya kwantar da kowa, na buɗe gwangwanin. Tsakanin na'urar sanyaya ɗaki da bango akwai wata 'yar kafa da aka cusa wa tsumma. Na zare tsumman na tura kunamar. Niyyata in ɓoye ta na ɗan lokaci, ko kuwa haka nake gaya wa kaina. Sai na ji ƙararta sau biyu tana gangarawa cikin ramin bulo, daga nan shiru. Na zura hannu har ya kuje, ban taɓo komai ba.

Juma'a baƙi suka zo, aka buɗe gwangwani wayam. Ƙanena ya fashe da kuka yana rantsuwa da harshe biyu. Aka ɗaga katifu, aka zazzage akwatuna, kuma duk gidan ba wanda ya kai ni himmar nema. Baba ya dubi auta, ya dube ni, sannan ya naɗe bindigar a buhunta.

"To, Allah bai yi ba tukuna. Bismilla, ku ci waina."

Na ci, kuma ba zan ɓoye maka ba, ta yi mini daɗi. Sai dai daɗin bai kai mako ba. Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, na ji, "Yalla, auta, ɗauko takalminka." Neman ya dawo sabo. Da na bar kunamar nan a gwangwaninta, da zuwa kasuwa ya ƙare a makon. Da hannuna na ƙara musu shekara biyu cur suna tafiya suna dawowa, ni ina leƙe ta kan katanga.

Ba su sake samun wadda ta zauna ba. Idon Baba ya fara rauni, kafilinsa bai sabunta masa igama ba, shi da Inna suka koma gida. Mu muka zauna, kowa ya kama aiki. Bindiga ko toshasshiya ce ba ta shiga jirgi, sai aka bar ta wurin ƙanena naɗe a tsohon zanen Inna, tunda ni a ɗakin kamfani nake kwana. Bayan shekara uku Baba ya rasu a ƙauye. Ban taɓa gaya masa ba.

Bara aka yi wa ƙanena canjin wurin aiki zuwa wani gari, ya zo mini sallama da naɗin zanen nan a hammata. Hausarsa har yau tana ɗingishi.

"Yaya, ka riƙe ta wurinka. Wallahi ni na gwada, ba ta zauna mini. Yuba ya sassaƙa ta a karkace."

Na kwance zanen, warin man keke ya taso. Na ɗora ta a kafaɗar dama kamar yadda na ga kowa na yi, kumatuna ya daki tudu. Ban yi tunanin komai ba hannuna ya juya ta zuwa hagu, yadda yake yi da cokali in ba mai kallo. Kumatuna ya faɗa cikin gurbin nan ya kwanta. A gefen bahago Baba ya rarake shi. A gidanmu kuwa bahago ɗaya ne.

 Daga baya na zauna na gaya wa ƙanena komai, da gwangwanin, da kafar bango, da wainar. Na shirya wa zagi, ko ya tashi ya fita. Sai ya sunkuyar da kai, can ya ɗago idonsa ya kaɗa.

"Allah ya yafe maka, Yaya. Amma ka sani, shekara biyun nan su ne mafi daɗin zamana da Yuba. Yawanci ma ba ma neman komai. Shayi muke sha, yana ba ni labari."

Na ce, "Da wane harshe?"

Ya ce, "Da Hausa. Ai a lokacin na koya."

An rushe gidan Shumaisi tuntuni, wurin ya zama wajen ajiye motoci, kunamar tana can ƙarƙashin kwalta ko a wani juji a bayan gari. Kasuwar Dira tana nan, an gyara ta fes, tsofaffin da Baba ya sani duk sun kau. Yanzu ɗana yakan nuna mini a waya cewa in na ɗauki hoton mazaunin kunamar na aika, akwai masu ƙera irinta su kawo mini har ƙofa cikin mako. Nakan ce masa ya bari. Bindigar na rataye a ɗakina ba kunama, baƙi su tambaya in ce haka na gaje ta.

Na san ya kamata in ce zuciyata ta huce, tunda ga shaida a bango cewa Baba ya ga hannun nan da yake bugewa, ya kuma yi masa wuri. Wasu ranakun ta kan huce ɗin. Amma duk Juma'a in aka idar da la'asar sai in tuna cewa ni icce aka bar mini, ƙanena kuwa ya sha shayi da Baba.