Ƙofar da Gwiwar Shigeharu Ta Lotsa

Yaya Fusae ta haura shekara hamsin a ƙauyen nan namu na Hokkaido, amma har gobe in ta buɗe baki ka san daga Kyushu, can kudancin ƙasar, aka kawo ta. Mijinta Shigeharu ne ya taho da ita tana amarya, lokacin da ya biyo aikin haƙar kwal zuwa arewa. Da aka rufe ramin suka koma noman kabewa, gonarsu jikin tawa. Ni kuwa tun ina saurayi ba ni da aikin da ya wuce tsokanarta. In na ce, "Yaya, yaushe za ki koyi maganar mutane?" sai ta ce, "Ranar da ka koyi wanke wuyanka, Gen."

Akwai kalma ɗaya tata da duk ƙauyen ya sani. Mu in mun ce "naoshite", gyara muke nufi. Su can kudu, adana suke nufi, a mai da abu wurinsa. Tun tana amarya ta miƙa wa uwata tukunya ta ce naoshite, uwata ta wuni tana ɗaga tukunya a rana tana neman inda ta huje. Ko yaran da ba a haifa ba a lokacin sun san labarin nan.

Tana da wata 'yar mota koriya. Ita ke tuƙi, don Shigeharu bai taɓa samun lasin ba. Ya je jarrabawa har ya gaji, ya dawo yana cewa mai jarrabawar ne ba ya son fuskarsa. Saboda haka kujerar gefe ita ce tasa, kuma ƙofar gefen nan ba ta buɗuwa sai an dake ta da gwiwa a ƙasan mariƙi. Kullum za su kai kabewa kasuwa sai ka ji "dum!", sannan ka ji muryarsa yana zagin ƙofar. Shekara da shekaru yana dukan wuri ɗaya, har ƙarfen ya lotsa ya zama kamar kwanon shan miya. Bayan ya rasu, Yaya ba ta shiga motar sai ta zagaya ta ɗora tafin hannunta a cikin lotsawar nan. Ta ɗauka ba na gani. Ina gani, har nakan ce ta ara mini wurin in zuba wa kyanwata madara.

Ba ta tuƙi a kan ƙanƙara, jinin kudu bai yarda ba. Da dusar ƙanƙara ta farko ta sauka sai ta turo motar cikin sitona na dankali. In cire mata batir, in sa katako a taya don ba a jan burkin hannu a sanyinmu, in toshe salansa da tsumma saboda ɓeraye. Sai ta buga bayan motar ta ce, "To, Gen, naoshite." Shi ke nan, sai ƙanƙara ta narke.

Bara ne aka samu matsala. Babban katakon rufin sitona ya tsage, na ce ba zan sa motar mutane a ƙarƙashinsa ba. Sai ta kai wa Kamada, mai garejin bakin titi, wanda ya gina sabon ɗakin ajiya yana karɓar babura da motoci su kwana hunturu. A ƙauyen nan aka haife shi, ya ci kabewar matar nan tun ba shi da haƙori. Ta miƙa masa makulli ta faɗi kalmarta ta tafi.

Da sanyi ya fara sassautawa, sai ya aiko wai ta zo. Na raka ta. Muka tarar ya tara matarsa da ma'aikacin gidan waya da wasu 'yan zaman kashe wando, ya rufe motar da ƙyalle kamar za a buɗe gunki. Ya fizge ƙyallen yana washe baki. Mota tana ƙyalli, sabon fenti tun daga hanci har wutsiya. Aka yi tafi.

Yaya ta matso. Ta zagaya gefen Shigeharu ta ɗora hannu. Sumul. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa. Ta ja mariƙi, ƙofa ta buɗe ba ko ƙara.

"Ƙofar ma na canza, Iya," in ji Kamada. "Waccan ta gama yawo. Kuma ba na son komai, hannuna ne ba ya iya zama."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: sai ta sunkuya ta yi masa godiya. Godiya! Ta ce ya sha wahala. Ta juya ta kama hanyar gida a ƙasa, ta bar motar a nan.

Kwanaki suka wuce ba ta je ta ɗauko ba. Matan kanti kuma suka buɗe baki, wai tsohuwa ta samu sabuwar mota a banza tana yanga. Wai Kamada mutumin kirki ne. Kirkin me? In na shiga gidanku na tarar da hoton kakanku ya koɗe, na cire na manna muku na wani kyakkyawan saurayi, kirki na yi? Na leƙa Yaya da rana na same ta zaune gaban murhu, irin kabewa a cinyarta, ba ta ko zaɓa. Na ce, "Yaya, yau wuyana ko ruwa bai gani ba." Ko ɗago kai ba ta yi ba. A nan na san abin ya kai inda ya kai.

Na saɓa shebur na nufi gareji.

"Kai Kamada, ina ƙofar?"

"Wace ƙofa kuma, Baba Gen?"

"Ta gidan ubanka. Ƙofar Shigeharu!"

"Ai ita ta ce in gyara."

"Ta ce ka gyara? Kai kaɗai ne a garin nan ba ka san labarin tukunya ba? Ko ka sani, ƙaiƙayin hannu ne ya toshe maka kunne? Mutum ya ba ka ajiya, ka tambaye shi ma ba za ka iya ba?"

Ya sosa ƙeya ya ce shi fa alheri ya nufa. Na ce alherin nasa ya kwantar da tsohuwa, ya nuna mini ƙofa kawai. Ya nuna bayan gareji da haɓa. Tun farkon hunturu ya jefa ta kan tarin tsofaffin ƙarafa, dusa ta binne su, ga kuma duk wadda ya kwashe daga bakin gareji nan ya riƙa turawa. Tudu ne ya fi ni tsawo, ya daskare kamar dutse. Kuma mai sayen ƙarafa zai zo da babbar mota a makon nan, ya kwashe da injin ɗaga kaya, da dusar da komai.

"Ba mai tona wannan," in ji shi.

Na ce ya tsaya ya ga mai tonawa.

Ranar farko na fito da tsohon firji da rabin keke. Kamada yana leƙe ta taga. Na ɗaga masa murya na ce in hannun nasa har yanzu ba ya iya zama, ga aiki. Washegari ya fito da diga, bai kalle ni ba, ya fara sara ta ɗaya gefen. Ni kuwa nakan tuna masa cewa yana riƙe diga kamar mai riƙe tsinken cin shinkafa.

Can da rana sai ga Yaya, ta naɗe kai da gyale, ta riƙo shinkafa dunƙule-dunƙule a ƙyalle. Wani ya kai mata labari. Ta tsaya ta kalle mu ta ce, "Gen, haka ake tono? Shi ya sa dankalinka duk a yanke yake." Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Ita ta fara hango koren fentin a ƙarƙashin wani kwanon rufi. Muka jawo ƙofar. Gilashin ya fashe, amma lotsawar tana nan, cike da ƙanƙara. Ta sa yatsu ta ƙwaƙule, ta ɗora tafinta a ciki, ta daɗe a haka. Ni da Kamada muka ga ya kamata mu duba sararin sama.

Kamada ya mai da ƙofar a ranar, ya sa sabon gilashi. Da ya ɗauko guduma wai zai daidaita makullin don ta daina cijewa, ta ce, "Ajiye." Wannan karon ya gane.

Yanzu in ka ga mota tana ƙyalli ko'ina sai ƙofa ɗaya koɗaɗɗiya, ta Yaya Fusae ce. Matan kanti suna dariya, su suka sani. Ni ne nake zama a kujerar gefe in za ta kasuwa, kuma duk na ɗaga gwiwa sai ta ce, "A hankali! Taka 'yar tsurut ce, kada ka ɓata wa Shigeharu awo."

Rufin sitona na gyara shi tun kafin girbi. Da dusar bana ta sauka ta turo motar ciki, ta buga bayanta ta ce, "To, Gen, naoshite."

Na ce, "Na Kyushu ko namu?"

Dankali ta ɗauka ta jefe ni da shi, kuma ta same ni.