Bawan Allah a Ƙofar Gharrafa

Har yau in na tuna Ba'amurken nan sai raina ya ɓaci. Baƙar fata ne, injiniya, ya musulunta, ni kuma direban da kamfani ya ba shi. Kullum daga gidansa a unguwar Gharrafa, nan Doha, zuwa wurin aiki a garin Wakrah, bakinsa ba ya hutawa. Tarihin ƙasarsu ya haddace kamar karatun allo. Yadda aka loda kakanninsa a jirgin ruwa, aka kai su gonakin taba tun Ingila na mulkin can. Yadda iyayengijinsu suka yi yaƙin neman 'yanci, suka rubuta cewa kowa daidai yake, alhali bayi na bayan gida suna tsinkar auduga. Yadda sai da ƙasar ta rabu biyu, aka zubar da jini, kafin a kwance sarƙa. Da farko wallahi na tausaya masa. Har cewa yake wataƙila kakansa Bahaushe ne.

Maigadin rukunin gidajen da yake zaune wani dattijo ne daga zangon Kumasi, aikin nan kaɗai ke riƙe da iyalinsa. Bai jin Turanci sosai, kuma kowa bawan Allah yake ce masa, kamar yadda muke yi. Rannan da ya ɗaga mana ƙarfen ƙofa ya leƙo ya ce wa Ba'amurken, "Bawan Allah, sannu da aiki."

Oga ya tambaye ni mene ne bawa. Na fassara masa. Kai! Kafin in kai ga sunan Allah, mutumin nan ya ɓalle ƙofar mota ya fita yana kumfar baki. Wai an yi ƙarnuka ana kiran danginsa da wannan suna, ba zai zo Doha wani ɗan Afirka, jikan waɗanda suka sayar da su, ya maimaita ba.

Na ce, "Oga, tsaya mana. Ni ma bawan Allah ne, kai ma haka, kafil ɗinmu, Balaraben da ya tsaya mana, shi ma haka. Girmamawa ce."

Ina! Ya riga ya ɗaga waya zai kai ƙara. Na roƙe shi, na ce takardun zaman tsohon nan a hannun kamfanin gadi suke, ƙara ɗaya ta isa a ce masa khalas, wato ta ƙare. Ya ce in yi tuƙi, abin da aka ɗauke ni yi ke nan. Ji mutum! Mai yi mini wa'azin zalunci safe da yamma, ga shi yana taka talaka da ƙafa ɗaya, ko a jikinsa. Daga ranar na tsane shi, ban kuma ɓoye ba. In ya fara labarin gonakin auduga sai in ƙure rediyo.

Kamfanin gadi bai tsaya bincike ba. Baƙo mai fasfo ɗin Amurka ya yi kuka, shi ke nan, aka soke aikin dattijon, aka yankar masa tikitin komawa gida.

Ni na kai dattijon filin jirgi da jakarsa ɗaya da bargo. Muka yi ta tafiya har muka wuce unguwar Nu'aija. Sannan ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ɗana, don Allah gaya mini. Mi na ce mishi?"