Malama Mai Tasar Ruwa a Ƙofar Makaranta

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya dasa rahama a zukatan bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, a Yelwa akwai ƙaramar firamare da ke jingine da babbar sakandare, ƙofarsu ɗaya. A nan nake ganin wata malama kowace safiya, ban san sunanta ba. Siririya ce mai natsuwa, da tabon ƙuna a bayan hannu, irin na matan da suka tashi suna bandar kifi. Kullum tana ajiye tasar ruwa da sabulu a bakin ƙofar.

Yau wata 'yar masunta ta toge, ta ƙi shiga. Samarin sakandare na wucewa suna toshe hanci, suna cewa, "Ga kifi ya zo karatu!"

"Zuliha, mi ya faru?" in ji malama.

"Inna na taya juya kifi. Ba ni ƙara zuwa, Malama."

Malama ba ta tsawata wa kowa ba. Ta durƙusa, ta tsoma hannuwanta cikin tasar tare da na yarinyar, ta ɗaga murya: "Da wannan ƙamshin na yi karatuna, ɗiyata, har na zama malama."

Samarin suka sauke hannuwansu daga hanci.

Ina zaton ita ma an taɓa toshe mata hanci a wata ƙofar, babu wanda ya durƙusa dominta. Ga su can su biyun sun shiga, yarinyar ce a gaba.

Allah ya lulluɓe wannan baiwa tasa da rahama, ya wanke ta ranar da babu mai wankewa sai shi.