Tamaular Baffa da Kitsen Layya

Jiya da ƙamshin kitsen layya ya cika gidanmu a unguwar Ka'akiyya ta Makka, sai naman ya ƙi shiga mini. Baffa na tuna, wanda ya rasu shekara biyu ke nan.

Duk babbar salla sai ya ware ɗan kitse, ya ɗauko tsohuwar tamaularsa ta fata, ya zauna yana shafa mata a hankali don kada ta tsage. Yakan ce, "Ku masu yi wa 'yan ƙwallon Riyad ihu, ku sani a Makka da Jidda aka fara kafa kulob. Mun buga ba takalmi, tsakuwa tana yanka mu." Mu kuwa sai mu ƙara sautin talabijin.

A shekararsa ta ƙarshe ya ce in kai shi filin ƙwallonsu na dā a unguwar Aziziyya. Na kai shi a tasina ina gunaguni. Muka tarar da benen alhazai a wurin. Ya sauka rungume da tamaular, ya dogara sanda har bakin wani shago.

"Nan raga take, ɗana. Tsaya a ciki in gwada ka."

"Baffa, fasinja na jira. Sai wata rana."

"To, tayyib," ya ce, ya koma mota.

Yau na shafa wa tamaular kitse, amma ta riga ta tsage. Allah Ya yalwata kabarinsa fiye da filin nan, ni kuma Ya yafe mini wannan sauri.